Da A Ce Sojojin Japan Sun Daɗe A Indonesiya

Tsofaffin tsibirin Java na ƙasar Indonesiya suna da wani zance da suke jinginawa ga Jayabaya, sarkin Kediri na ƙarni na 12. Wai fararen fata za su daɗe suna mulkin ƙasar, sa'annan wasu gajerun mutane su zo daga arewa su kore su, amma zaman waɗannan baƙin ba zai wuce rayuwar masara ba, daga shuka zuwa girbi. Da sojojin Japan suka sauka a Java a farkon Maris na 1942, Turawan Holan kuma suka miƙa wuya a Kalijati cikin kwana takwas ko tara, mutane da yawa suka ce ga zancen nan ya tabbata. A garuruwa da dama an fito bakin hanya ana ɗaga wa baƙin hannu. Masara takan nuna cikin wata uku da 'yan kai. Japanawa sun yi shekara uku da wata biyar, suka tattara a watan Agusta na 1945.

Tambayar da nake son mu zauna a kanta ita ce: da masarar nan ba ta bushe da wuri ba fa? Da yaƙin ya ƙare da wani irin sulhu da ya bar sojojin Japan a waɗannan tsibirai shekara ashirin ko talatin, wace irin ƙasa za a samu? Allah kaɗai ya san gaibu, kuma abin da ya faru ya riga ya faru. Amma tambayar tana da amfani, domin har gobe akwai masu cewa Japan ta shiga kudu maso gabashin Asiya ne don ta 'yantar da 'yan uwanta daga Turawa, kuma da an bar ta da ta cika alkawari. Hanyar auna wannan magana ita ce a duba abin da Japan ta rubuta wa kanta a asirce, da abin da ta yi a wuraren da ta daɗe, da abin da ya riga ya fara bayyana a cikin shekaru ukun nan.

Mu fara da abin da ya kawo ta, wato man fetur. Kafin yaƙin, kusan kashi 80 cikin ɗari na man da Japan take ƙonawa daga Amurka yake zuwa, ga shi tun 1937 ta nutse a yaƙin Sin. A tsakiyar 1941 Amurka ta rufe famfon. Rijiyoyin da suka fi kusa suna Tarakan da Balikpapan a yankin Borneo, da Palembang a Sumatara, duk a hannun Holan, wadda ita kanta tana ƙarƙashin takalmin Jamus tun Mayu na 1940. A watan Nuwamba na 1941, kafin a harba harsashi ko ɗaya, manyan gwamnati da na soja a Tokiyo suka amince da tsarin yadda za a tafiyar da ƙasashen kudu idan an ci su: a kwantar da tarzoma, a kwaso albarkatun da yaƙi yake buƙata, sojoji su ciyar da kansu daga ƙasar da suke, kuma kada a yi gaggawar ƙarfafa masu neman 'yancin kai. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi aka fara aiwatarwa. Tutar ja da fari da taken ƙasa da 'yan kishin Indonesiya suke rerawa, waɗanda rediyon Tokiyo ya yi ta amfani da su wajen jan hankalin mutane kafin mamayar, an haramta su cikin 'yan makonni da isowar sojojin.

Takardar da ta fi kowace nauyi a wannan magana ita ce ta 31 ga Mayu, 1943. A wani taro a gaban Sarki Hirohito aka yanke cewa Bama da Filifin za a ba su 'yancin kai, amma Malaya da Sumatara da Java da Borneo da Sulawesi za su zama yankin daular Japan, a riƙa ɗebo albarkatu daga cikinsu. Aka kuma ce kada a bayyana wannan hukunci. Bama ta samu nata a 1 ga Agusta ƙarƙashin Ba Maw, Filifin a 14 ga Oktoba ƙarƙashin José Laurel. Da aka kira babban taron ƙasashen gabashin Asiya a Tokiyo a watan Nuwamba na shekarar, ba a ajiye wa Indonesiya kujera ba. Sai bayan an watse aka kawo jagororin 'yan ƙasa uku, Sukarno, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar na farko, da Mohammad Hatta da Ki Bagus Hadikusumo, aka rataya musu lambobin yabo, suka koma gida hannu rabbana. Duk wanda zai yi hasashen doguwar mamaya, daga wannan takarda ya kamata ya tashi, domin ita ce niyyar Japan a lokacin da take ganin ƙasar za ta zauna a hannunta.

To yaya aka yi daga baya ta sassauta? Ku dubi ranakun. An kafa rundunar sa-kai ta 'yan ƙasa, wadda ake kira PETA, a watan Oktoba na 1943, bayan Japan ta sha kashi a Midway da Guadalcanal, tana kwashe sojojinta daga Java zuwa fagen daga, tana kuma tsoron sojojin ƙawance za su sauko daga Ostareliya. Alkawarin 'yancin kai “nan gaba” da Firayim Minista Koiso ya yi a majalisa ranar 7 ga Satumba, 1944, ya zo ne wata biyu bayan faɗuwar tsibirin Saipan a hannun Amurkawa da rushewar gwamnatin Firayim Minista Tojo, kuma a lokacin ne aka mayar wa mutane tutarsu da takensu. Kwamitin share fagen 'yanci, inda Sukarno ya yi jawabinsa na Pancasila, wato ginshiƙai biyar da za a gina ƙasar a kansu, a 1 ga Yuni, 1945, an sanar da kafa shi a watan Maris, sa'ad da Amurkawa suke cikin birnin Manila. Kowane taki da Japan ta matsa wa 'yan Indonesiya, akwai wata asara a fagen yaƙi da ta tura ta. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Japan ɗin da za ta iya zama shekara talatin ita ce wadda bangonta bai tsage ba, kuma wannan ba ta da dalilin bai wa samarin Java kusan 37,000 bindiga da horon soja, ko ta tara shugabanninsu su rubuta tsarin mulki. Wannan shi ne ƙashin bayan abin da nake gani: kusan duk alherin da ake lissafa wa mamayar Japan ya fito ne daga rauninta, kuma doguwar mamaya ita ce za ta fara share shi.

Ba sai mun dogara da hasashe kaɗai ba, domin Japan ta daɗe a wasu wurare. Ta riƙe Taiwan daga 1895 zuwa 1945, Koriya daga 1910 zuwa 1945. Akwai kuma misalin da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi kama da tambayarmu: tsibiran Mikronesiya, su Saipan da Palau da Truk, waɗanda suke mallakar Jamus har sojojin ruwan Japan suka kwace su a 1914. Tsohuwar ƙasar mulkin mallakar Turawa ce da ta koma hannun Japan ta zauna shekara talatin. An shuka rake, an kafa masana'antar sukari, an gina tituna da asibitoci. Amma kafin ƙarshen shekarun 1930 baƙin da aka kwaso daga Japan da Okinawa da Koriya sun fi 'yan asalin tsibiran yawa. Yaron ɗan ƙasa yana da makarantarsa daban, shekara uku, mai ƙoƙari a ƙara masa biyu, abin da ake koya masa kuma harshen Japan ne da ɗa'a ga Sarki, daidai abin da zai sa ya zama lebura ko ɗan aike. Da Japan ta fice daga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani a 1933, wadda ita ce ta ba ta amanar tsibiran, ba ta mayar da ko guda ba.

A Koriya abin ya fi tsanani. Duk gwamnonin da aka naɗa mata cikin shekara 35 manyan hafsoshin soja ne. An murƙushe zanga-zangar Maris na 1919 da jini. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka fara ture harshen Koriya daga makarantu, a 1940 aka matsa wa iyalai su ɗauki sunaye irin na Japanawa har kusan kashi 80 cikin ɗari suka yi rajista, a 1944 aka fara ɗibar samarinsu aikin soja dole. Shinkafar da ake fitarwa zuwa Japan tana ƙaruwa, wadda manomin Koriya yake ci tana raguwa. Makarantun Kirista da suka ƙi kai ɗalibansu su yi sujadar girmamawa a wuraren bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, an rufe su. Kuma mutanen da suka yi wannan aiki su ne dai suke riƙe da makomar Indonesiya. Koiso mai alkawarin 1944 daga kujerar gwamnan Koriya ya taso ya zama firayim minista. Marshal Terauchi, wanda ya kira Sukarno da Hatta zuwa Dalat a Biyetnam a watan Agusta na 1945 ya yi musu albishir da 'yanci, ɗan gwamnan Koriya na farko ne.

Masu kare Japan sukan nuna Taiwan: jiragen ƙasa, madatsun ruwa, jami'a a Taipei tun 1928, yara kusan bakwai cikin goma suna makarantar firamare a ƙarshen mulkin. Gaskiya ne, kuma idan aka ajiye shi kusa da abin da Holan ta bari, inda ƙidayar 1930 ta nuna waɗanda suka iya karatu a cikin 'yan ƙasa ba su kai ɗaya cikin goma ba, dole mutum ya jinjina. Ban ɗauke wa Holan komai ba. Ita ce ta kori Sukarno zuwa Ende da Bengkulu, ta jefa Hatta da Sjahrir dajin Boven Digul mai zazzaɓi. Amma Taiwan mutum miliyan shida ce, a bakin ƙofar Japan, an gina ta cikin shekara hamsin mafi yawansu na zaman lafiya don ta ciyar da Japan da sukari da shinkafa. Indonesiya kusan mutum miliyan 70 ce a 1942, daidai da yawan Japanawan kansu, a warwatse a dubban tsibirai. Ba za a iya cika ta da baƙi kamar Saipan ba, ba kuma za a iya bi gida-gida a mayar da ita Japan kamar yadda aka gwada a Koriya ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne salon Manchuriya, inda aka ɗora Puyi, tsohon sarkin Sin na ƙarshe, a kan mulki a 1932, kowane minista ɗan ƙasa kuma aka ajiye masa mataimaki Bajapane wanda shi ne mai yanke hukunci. Java mai yawan jama'a da ƙarancin mai za ta iya samun tuta da shugaba na je-ka-na-yi-ka. Wuraren rijiyoyi kuwa su zauna a hannun soja kai tsaye.

Nan ne wani abu yake da ban tsoro ga duk mai ƙaunar Indonesiya ta yau. Japan ba ta mulki ƙasar a dunƙule ba. Java da Madura suna hannun runduna ta 16 a Jakarta. Sumatara tana hannun runduna ta 25, wadda da farko ta haɗa ta da Malaya ana juya su daga Singafo, daga baya ta koma Bukittinggi. Borneo ta Holan da Sulawesi da duk tsibiran gabas suna hannun sojojin ruwa a Makassar. Sojan ƙasa da sojan ruwan Japan kuwa ba sa ga maciji da juna. Kowane yanki da dokarsa, tafiya tsakaninsu sai da izini, kuma hafsoshin Sumatara sun yi ta hana 'yan siyasar Java shiga musu yanki. Shekara uku ba su isa su kafe wannan rabo ba. Shekara talatin sun isa a haifi yaro a Medan ta Sumatara ya girma ya yi aure bai taɓa jin Jakarta a matsayin babban birninsa ba. Ina ganin da wuya a ce ƙasa ɗaya daga Sabang a ƙarshen yamma zuwa Merauke a ƙarshen gabas za ta fito daga irin wannan zama.

Yankin sojojin ruwa shi ne ya nuna yadda Japan take yi da wurin da ta ƙudura za ta riƙe har abada. A yammacin Borneo, tsakanin 1943 da 1944, bisa zargin wata maƙarƙashiya, aka kame Sarkin Pontianak da sauran sarakunan yankin, da likitoci, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa Sinawa, da shugabannin al'umma, aka kai da yawansu Mandor aka kashe. An share masu faɗa a ji na lardi guda cikin 'yan watanni. Har yanzu lardin yana zaman makoki kowace 28 ga Yuni.

Sai maganar ciki. Tattalin arzikin da Holan ta gina na fitar da kaya ne zuwa Turai da Amurka: sukari, roba, shayi, kofi, taba, kuza, da kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro wanda Java ce take samar da kusan kashi 90 cikin ɗari na duniya. Japan ba ta da kasuwar da za ta shanye wannan kaya, sukari ma tana da na Taiwan, ba ta kuma da yadi da sauran kayan masarufin da za ta kawo a madadi. Jiragen ruwanta na kasuwanci kuwa jiragen ƙarƙashin ruwa na Amurka suna ta nutsar da su, har asarar ta haura tan miliyan 8 kafin ƙarshen yaƙi. Aka buga takardun kuɗi ba iyaka, farashi ya tashi sama. Aka ɗora wa manomi ya sayar wa hukuma wani kaso na shinkafarsa a farashin da ta yanka, aka hana fitar da hatsi daga lardi zuwa lardi, sa'annan fari ya sauka a 1944. A ƙauyukan Java mutane sun koma ɗaura buhun algarara mai cike da ƙwarƙwata, wasu faifan ɗanyar roba suke naɗewa a ƙugu, akwai gidajen da mata da miji suke karɓa-karɓa da zane ɗaya. Masana tarihin tattalin arziki suna ƙiyasta waɗanda yunwa ta kashe a Java a 1944 da 1945 sun haura miliyan biyu, a tsibirin da shinkafa take nuna sau biyu a shekara.

Ga kuma romusha, wato leburorin tilas, waɗanda farfaganda take kira sojojin tattalin arziki. Miliyoyi ne aka ɗiba a Java, dagaci ya kawo adadin da aka yanka masa ko shi ya ɗanɗana. Kusan 270,000 aka tsallaka da su zuwa Sumatara, Borneo, Malaya, Bama da Tailan, kuma waɗanda aka iya mayarwa gida bayan yaƙi ba su wuce 52,000 ba. Layin dogon Pekanbaru a tsakiyar Sumatara, mai tsawon kusan kilomita 220 cikin fadama da ƙungurmin daji, ya ci rayukan dubun-dubatarsu tare da fursunonin yaƙi. An kammala shi ranar 15 ga Agusta, 1945, ranar da Japan ta miƙa wuya, kuma bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba. Sukarno da kansa ya yi yawon kiran mutane su shiga wannan aiki, abin da daga baya ya amsa da bakinsa cewa ya tura mutane ga mutuwa. Mata da 'yan mata, na ƙasa da na sansanonin tsare Turawa, an tilasta musu zama a gidajen biyan buƙatar sojoji.

Za a ce ai wannan duk yaƙi ne ya kawo, da an yi sulhu da jiragen ruwa sun dawo. Wani ɓangare haka ne, yunwar 1944 ba za ta dawwama ba. Amma matsalar kasuwa tana nan daram. Japan ɗin da ta zauna a Palembang bisa sulhun dole za ta ci gaba da zaman doya da manja da Amurka da Birtaniya, ga yaƙin Sin bai ƙare ba. Wa zai sayi robar, wa zai kawo yadin? Amurka ma kafin 1945 ta riga ta ƙware da haɗa robar masana'anta. Daular da take zaune cikin shirin yaƙi kullum, hannun mutane da hatsinsu su ne abin da take da shi a araha, kuma Java nan ne rumbun su.

Mu ma nan wutar ta lashe mu, ko da daga nesa. Da Malaya ta faɗi a 1942 Birtaniya ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Filato, aka yi ta ɗibar talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan Jos har 1944, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Samarinmu kuma na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suna can dajin Bama suna fafatawa da sojojin Japan. Doguwar mamaya a can tana nufin doguwar matsa a nan.

Abin da a ganina zai fi kowane hana Japan barci shi ne addini. Ta zo da shirin jan Musulmi a jiki, domin ta lura malaman pondok, wato makarantun allo da ilimi na kwana, su ne masu riƙe da ƙauye, kuma Holan ta daɗe tana musu kallon hadarin kaji. Amma ta zo da wani abu kuma da ake kira saikeirei. A makaranta, a ofis, a wajen kowane taro, za a jera mutane da safe, a juya su arewa maso gabas inda fadar Sarki take a Tokiyo, a ba da umarni, kowa ya sunkuya ya tanƙwara bayansa sosai. Ka tsaya ka hango malamin da ya yi sallar asuba yana fuskantar alƙibla ta yamma, hantsi bai gama ɗagawa ba a juya shi ya ba ta baya, a ce ya yi abin da ba shi da maraba da ruku'u ga wani mutum da ake cewa jikan allahiyar rana ne. Hatta agogo an tura shi gaba da awa ɗaya da rabi ya dace da na Tokiyo, kalanda kuma ta koma shekara ta 2602.

Malamai ba su haɗiye wannan ba. Kiyai Hasyim Asy'ari, wanda ya kafa ƙungiyar malamai ta Nahdlatul Ulama a 1926, ya ce haramun ne, aka tsare shi wata huɗu a 1942 aka azabtar da shi yana dattijo mai shekara saba'in. A wani taron malamai a Bandung a 1943, da aka ce a miƙe a sunkuya, Haji Rasul, mahaifin fitaccen malami kuma marubuci Hamka, ya ci gaba da zamansa a gaban hafsoshin Japan. A Aceh, inda malaman ƙungiyar PUSA suka tayar wa Holan don share wa Japan hanya, ba a cika shekara ba Teungku Abdul Jalil da almajiransa suka ɗauki makami a Cot Plieng a Nuwamba na 1942, aka ƙone masallacinsu aka kashe shi. A Sukamanah kusa da Singaparna, ranar 25 ga Fabrairu, 1944, almajiran Kiyai Zainal Mustafa suka tari sojoji da adduna da gorori masu tsini, aka kashe gommai a wurin, shi kuma aka kai shi Jakarta aka zartar masa da hukuncin kisa a watan Oktoba. A shekarar nan manoman Indramayu ma suka tashi kan ƙwacen shinkafa, malaman ƙauye a gabansu.

Japan ta ja da baya. Ta sassauta dokar sunkuyawa ga taron addini, ta amince da kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar Musulmi ta Masyumi a Nuwamba na 1943, ta ɗora Hasyim Asy'ari ɗin da ta ɗaure a kan ofishin harkokin addini a 1944 ɗansa Wahid Hasyim yana gudanarwa, ta kuma yarda a horar da rundunar samarin Musulmi ta Hizbullah a ƙarshen shekarar. Amma ku sake duba shekarun, duk lokacin da ruwa ya fara ƙare wa ɗan kada ne. A Koriya, inda take da ƙarfi da lokaci, ba ta ja da baya kan wuraren bautar Shinto ba, makarantun ta rufe. Daular da ginshiƙinta shi ne tsarkin Sarki, idan ta zauna da gindinta a kan al'ummar Musulmi mafi yawa a yankin, ko ba daɗe ko ba jima za ta koma kan wannan buƙata, su kuma ba za su bayar ba. Aceh kaɗai ta riƙe Holan da yaƙi sama da shekara talatin tun daga 1873. Ina ganin doguwar mamaya za ta zama dogon yaƙin sunƙuru ne, daga pondok zuwa pondok.

Harshe ma haka. Da aka haramta Holanci, Japanawa ba su da lokacin koya wa miliyoyi harshensu, dole suka yi aiki da harshen Indonesiya a ofis da jarida da rediyo, har aka kafa hukumar da ta ƙirƙiro dubban sababbin kalmomi. Batavia, sunan da Holan ta sa wa babban birnin, ta koma Jakarta. 'Yan ƙasa suka hau kujerun da Turawan da aka tsare suka bari. Riba ce babba, amma ta wucin gadi aka nufe ta, domin tun daga firamare an riga an fara cusa harshen Japan.

Ko waɗanda Japan ta horar da hannunta ba su jira ba. A Blitar, ranar 14 ga Fabrairu, 1945, wani matashin hafsan PETA mai suna Supriyadi ya jagoranci sojojinsa suka juya bindiga kan Japanawa, bayan sun gaji da ganin yadda romusha suke mutuwa a gabansu. A Bama, jagoran 'yan kishin ƙasa Aung San da Japan ta rena ya juya mata baya da rundunarsa a 27 ga Maris. Ba na musun cewa akwai Japanawan da suka riƙi zancen 'yantar da Asiya da gaske. Kusan dubu ɗaya daga cikin sojojinta sun ƙi komawa gida suka yi yaƙi tare da 'yan Indonesiya, wasunsu suna kwance a maƙabartar gwarzaye ta Kalibata. Amma ba su ne suka zauna a taron 31 ga Mayu ba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane shi ne Admiral Tadashi Maeda. Japan ta miƙa wuya 15 ga Agusta, sojojin ƙawance ba su iso ba, hukumar sojan ƙasa a Jakarta kuma ta ce an umarce ta kada ta bari a sauya komai, wato alkawarin Dalat ya tashi. Samari suka ɗauke Sukarno da Hatta zuwa Rengasdengklok suna matsa musu su yi shelar 'yancin kai ba tare da izinin kowa ba. A daren 16 ga wata aka dawo da su, aka shiga gidan Maeda domin nan ne 'yan sandan soja ba za su kutsa ba, aka rubuta shelar cikin jimla biyu kafin asuba, Sayuti Melik ya buga su a tafireta. Da hantsin Juma'a, 17 ga Agusta, cikin watan Ramadan, Sukarno ya karanta su a ƙofar gidansa. A ƙasan takardar an rubuta shekarar da 05, wato 2605 ta kalandar Japan, domin ita ce kalandar da take aiki a garin a ranar. Cikin kwana biyu Japanawa suka rusa PETA suka karɓe bindigoginta. Samarin suka sake haɗuwa da kansu, suka zaɓi wani tsohon malamin makarantar ƙungiyar Musulunci ta Muhammadiyah kuma tsohon kwamandan PETA mai suna Sudirman ya shugabance su, suka yi shekara huɗu suna yaƙi da Holan da ta dawo neman kayanta, har ta sa hannu ta sallama a 27 ga Disamba, 1949.